Wata Biyun da "Da Sauƙi" Ta Ci Mini

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zai kwashe shekarar da na haifi 'yar farina ba, shekarar da aka ɗauke ta daga hannuna saboda zuciyata ta gaza. Yau yarinyar ta kusa kamo ni tsawo, amma in na tuna sai in ji kamar jiya aka yi.

Shekarun nan ne da Kano ta rikice. Bom ya tashi nan, harbi can, sojoji sun tare hanyoyi da buhunan yashi, yau a sa dokar hana fita, gobe a sassauta. Maigidana direban babbar mota ne, busasshen kifi yake ɗaukowa daga gabas. Ya tafi ina da ciki wata takwas, hanya ta rufe a bayansa, aka katse sabis ɗin waya a can. Ba mu san yana raye ba, ba mu san ya mutu ba.

Na haihu lafiya, amma ban yi arba'in ba numfashi ya fara gagarata. Daga ɗaki zuwa bakin murhu sai na dafa bango. A asibiti likita ya ce zuciyata ce ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata, ya hana ni kunun kanwa da wankan jego. Ranar da jiri ya ɗebe ni da jaririyar a hannu, Allah ya tsare muka faɗa kan katifa, surukata ta yanke hukunci. Hajiya, uwar maigidan nawa, ta tafi da ita gidanta a Goron Dutse ta riƙa ba ta madara, ta ce sai asibiti sun tabbatar zan iya goyo za ta dawo da ita. Ta so in bi su, na ƙi, don gudun kada maigidan ko saƙonsa ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Mu kuma Fulani ne da zaman birni bai raba mu da alkunya ba, 'yar fari ko sunanta ba a faɗa, balle in buɗe baki in ce ina kewarta. Na ce to, na kau da kai kamar ba ni na haife ta ba.

Haka na zauna ni kaɗai a gidanmu na Yakasai. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, 'yan uwa kowa tsoron hanya ya riƙe shi a gidansa. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ke miƙo mini tuwo ta kan katanga. Gida ya yi tsit, har motsin ƙadangare a kan kwano ina ji. Wallahi kaɗaici ciwo ne, na sha kuka har na gaji da kaina.

A asibiti aka haɗa ni da wata ma'aikaciya a sashen gashi, inda ake koya wa marasa lafiya motsa jiki. Sista muke ce mata, doguwa, ba ta da wasa. Ta ce magani kaɗai ba ya tayar da mai ciwon zuciya, sai da tafiya a hankali kullum. Ta kai ni wata doguwar baranda, ta riƙe agogo, ta ce in yi ta kai da kawowa har minti shida, tana ƙirga sahu. Na yi sahu takwas ina haki. Ta rubuta, ta ce da wannan za ta riƙa auna ni, ranar da na kai goma sha shida ba tare da na zauna ba za ta sa hannu a ba ni 'yata. Saboda halin da gari ke ciki, ta ce in riƙa tafiyar a tsakar gida, za ta riƙa kirana duk Litinin.

To, a nan na yi wautar. Kowa ya san yadda muke: mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Tarbiyya ce, godiya ce ga Allah. Sista ta kira, na ce da sauƙi. Ta tambayi ƙafa, da sauƙi. Barci fa, da sauƙi. Alhali ƙafar ta ƙi shiga silifa, barci kuma sai a zaune, na jingina da filo uku. Ba zan ɗora wa al'ada laifin duka ba, rabi tarbiyya ce, rabi kuwa dabara, ina ganin in na yi ta faɗa za a gaji a miƙo mini yarinyar. Jin haka Sista ta ce in ƙara tafiya, ni kuma na ƙara har ina ganin duhu-duhu.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da wata ya cika na koma barandar nan. A sahu na biyar ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba, na zube a benci ina jan numfashi kamar wadda aka koro. Sista ta tsuguna ta danna ƙaurina da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ɗago ta kalle ni.

"Maijego, wannan ne sauƙin?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce ruwa ne ya taru a jikina, da na faɗa tun makon farko, ƙara magani kawai za a yi. Aka kwantar da ni kwana goma, sannan aka koma farko, ƙasa ma da inda na fara. Ta ƙirga mini a fili cewa jinkirin wata biyu na jawo wa kaina.

Ranar sallama ta kafa mini doka. Ta ce daga yau kalmar nan in ajiye wa masu zuwa dubiya, ita lamba take so. Ta sa na tara ƙwallon dabino a kwanon sha. Duk safiya in saita minti shida a waya, in tashi daga bakin zaure zuwa bakin rijiya, duk zuwa da dawowa in jefa ƙwallo ɗaya a faranti. In haki ya hana ni magana, in tsaya, ba jarumta. Tsohuwar nan takan leƙo ta katanga ta tambaye ni ko Safa da Marwa ake yi ba a gayyace ta ba, ta ce ita a zamaninsu mai ciwon zuciya kwanciya yake yi. In yi dariya in wuce, don in na tsaya ba ta amsa lokacina ke tafiya.

Sannu ba ta hana zuwa. Ni a jikina ban ji wani canji ba, kullum gani nake jiya i yau, wani lokaci har in ce aikin banza nake yi. Farantin ne ke ƙaryata ni. Makon da ya wuce shida, wannan makon bakwai, wani mako ya koma shida, sai kuma tara. In Sista ta kira, in faɗa mata har ranar da na kasa. Na fara ɗibar ruwa da kaina, na koma barci da filo ɗaya.

Wata huɗu bayan nan na taka barandar sahu goma sha bakwai, ban nemi benci ba. Da na tsaya Sista ta tambaye ni jiki, bakina ya riga ni, na ce da sauƙi. Karo na farko na ga haƙoranta.

"Yau dai ƙafarki ta gaskata bakinki."

Washegari da hantsi Hajiya ta kawo yarinyar. Ta yi ɓulɓul, har ta fara rarrafe, haƙora biyu sun fito, duk ban gani ba. Na manta da wata alkunya, na miƙa hannu a gaban surukata. Yarinyar ta kalle ni, ta ƙanƙame wuyan Hajiya ta tsala ihu. Ƙiwa take yi mini, ni da na haife ta. Hajiya ta ɓamɓare ta da ƙyar ta ɗora mini a baya, ta ɗaure mini zanin da hannunta, ta fita ba ta waiwayo ba. Yarinyar ta yi ta kuka tana miƙa hannu wajen ƙofa, ni ma ina yi, har ta gaji ta kwantar da kai a bayana. Sai da aka yi mako uku kafin ta yarda ta yi mini dariya. Mahaifinta ya dawo tana tafiya da ƙafarta.

Abin da na koya ke nan: godiya ga Allah daban, gaya wa mai magani gaskiya daban, kuma ɗaya ba ta hana ɗaya. Rikici ya raba ni da miji, ciwo ya raba ni da 'yata, waɗannan ba ni da yadda zan yi da su. Amma wata biyun da ta koyi zama da rarrafe a hannun wata, bakina ne ya bayar da su, kuma babu wanda zai dawo mini da su.