Kwantenar da na ƙi rabawa sai an gwada

Sana'ata sayar da irin shuka ce, gero da dawa da wake, ina bin kasuwannin ƙauye tsakanin Gezawa da Minjibir a kan babur. A firamare karatuna ya tsaya. Ni mutum ne mai fargaba. Ban taɓa sayar da iri ba sai na zuba ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma na ga sun tsiro, don kada wani ya shuka asara da hannuna.

'Yata ta biyu tana koyon rubuta manhajar kwamfuta daga gida. Malaminsu yana nesa, a waya suke ganinsa. Su biyar ne ɗaliban a yankinmu, kowa a ƙauyensa, aikin jarrabawarsu ɗaya. Sai dai abin da ya yi aiki a kwamfutar wannan sai ya ƙi a ta wancan. Malam ya ce su haɗa abin da ake kira kwantena kafin Asabar, in ba haka ba duk su biyar za su maimaita zango.

Na ce ta yi mini bayani.

"Baba, kamar akwati ne a cikin kwamfuta. Ka zuba kayan aikin duka, ka rufe. Duk wanda ya buɗe, abu ɗaya zai tarar."

Ita ta haɗa. Amma abin ya yi nauyi, sabis ɗinmu ba zai iya tura shi ba. Ta zuba a filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi aiki, ta ce tunda hanyata ce, in kai wa sauran huɗun.

Ranar Laraba da safe ta miƙo mini. Ban karɓa ba.

"An gwada?"

"Ga shi yana aiki a gabanka, Baba."

"A kwamfutarki. A ta wani fa?"

"Ai amfanin kwantenar ke nan, ko'ina ɗaya ce. Wannan ba wake ba ne."

Mahaifiyarta ta leƙo daga madafa ta ce, "Ki bi shi kawai. Mutumin da ke komowa daga bakin titi ya duba ƙofar da ya kulle da hannunsa?"

Na goya ta a babur, da kwamfutarta a jaka, zuwa ƙauyen da ke gabanmu, gidan ɗaya daga cikin ɗaliban, matar aure mai 'ya'ya biyu. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta fito da kwamfutarta. Suka juye abin, suka buɗe. Sai ga jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Ban iya karanta shi ba, amma na ga 'yata ta gyara zama.

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta dafe kai. Ashe akwai fayil guda da ta bari a waje, a kwamfutarta, kwantenar tana miƙa hannu tana ɗauka ba ta sani ba. A gidan wani kuwa babu abin ɗauka.

Matar gidan ta tuntsire da dariya. "Baba, ko kai za ka zauna mana jarrabawar?"

"Ku dai gyara. Rana tana yi."

'Yata ta saka fayil ɗin ciki, ta sake haɗawa ta zuba a filashin, ya yi aiki. Na ce a kashe kwamfutar a kunna a sake. Suka yi ƙorafi, suka sake. Ya yi.

Alhamis da Juma'a na zaga sauran gidaje uku. Ko'ina ba na tashi sai na ga abin ya buɗe da idona. Wani ɗalibi ya ce yana sauri, in ajiye in tafi. Na ce ni ba na sauri, na nemi inuwa na zauna har ya kunna.

Ɗayansu ya shiga gari inda sabis ke da ƙarfi ya tura wa malam. Asabar da hantsi malam ya buɗe aikinsu a tasa kwamfutar, ya tashi lafiya. Su biyar suka wuce zuwa zango na gaba. 'Yata ta kira ni ina tsakiyar kasuwa, ta gaya mini. Na yi hamdala, na ce ta kira sauran ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar sunan kowa ya fito.