Tsohuwar da Suka Ɗora wa Doya a Ka

Ɗis. Ɗis. Famfon tsakar gidanmu ne. Ashe ya daɗe yana zuba, ban taɓa ji ba sai ranar da autata ta fara zuwa makaranta, gida ya yi tsit. Na yi shara, na yi walaha, na zauna ina sauraron ruwa. Da maigida ya dawo na ce masa ina so in nemi aikin rubutu, tunda tun ina sakandare hannuna bai rabu da biro ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Wani gidan rediyo mai zaman kansa yana neman mai rubuta gajerun labarai na shirin mata. Wanda ya karɓe ni saurayi ne, idonsa na kan waya.

"Hajiya, digiri fa?"

"Sakandare na gama."

"To, kawo gwaji mu gani."

Na kai. Ya ce in ƙara wani. Na ƙara. Haka na yi ta sintiri daga unguwarmu Barkin Sale a keke-napep, kuma wallahi a cikin keken nake samun abin rubutawa. Ga ɗaliban jami'a na Gidan Kwano suna tsine wa jarrabawa, ga mai nono ta rungume ƙwarya tana harar direba duk ramin da ya faɗa.

Wata rana muka tsaya wa wata tsohuwa 'yar Gbagyi, daga Gwada ta kawo doya. A kafaɗa ta ɗauko kayan, yadda matansu suke yi. Direba ya tsokane ta:

"Mama, kan naki ajiyarsa kike yi sai Sallah?"

Ta ce da irin Hausarta, "Yaro, kai na tunani ne, ba na doya ba. Naka me yana yi?"

Muka fashe da dariya, har shi. Da za ta sauka ta tura mini ƙaramar doya a cinya, wai in dafa wa yara. Labarin tsohuwar na rubuta a gwajina na ƙarshe, na karanta wa 'ya'yana kafin in kai. Saurayin ya ce za su kira ni. Har kicin nake shiga da waya, kada kiran ya wuce ni.

Wata Asabar ina tsince wake, rediyo na kunne, sai na ji labarina. Mai gabatarwa ta ce ma'aikatansu ne suka shirya. Na yi salati. Wannan zan iya haɗiyewa in bar su da Allah. Amma sun ɗora wa tsohuwar doya a ka! Sun cire amsar da ta ba direba, sun cire kyautar da ta yi mini, suka bar wata tana kwaikwayon Hausarta ana ƙyalƙyala dariya. A garin nan suke zaune, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi matan da ke kawo musu doyar da suke ci? Baiwar Allah ta yi mini alheri, ni kuma na kai ta inda aka mai da ita abin wasa, a kan aikin da dama ba su yi niyyar ba ni ba.

Na ture tiren waken gefe ke nan, sai ga autata da gudu daga ɗaki.

"Umma, labarinki ne! Sun ɗauke ki ke nan? Ranar da za ki fara, ni zan riƙe miki jaka har bakin titi."