Ranar da Sikirif Ɗina Ya Tona Asirin Darakta

Har gobe ban manta da wata Talata ba, lokacin ina jami'in kwamfuta mataki na takwas a wata hukuma a nan Abuja. Na cika shekara biyu a aiki, takardar tabbatar da ni tana kan teburin Darakta tana jiran sa hannu. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, idan ba a sa wannan hannun ba, kai baƙo ne, ko yaushe ana iya cewa ka kama gabanka.

Matsalar ofishinmu ɗaya ce. Da zarar an ɗauke wuta, rawuta, wato na'urar da ke raba mana intanet, ta mutu, intanet ya tafi, sai kowa ya hau kiran sunana kamar ni na ɗauke ta. Da na gaji da hawa bene, sai na rubuta ɗan sikirif, wato jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta, layi goma sha wani abu. Duk minti ɗaya yakan duba ko akwai intanet. In babu, ya nemi wayifai mafi ƙarfi cikin waɗanda kwamfutar ta taɓa hawa, ya haɗa ta, sannan ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a fuskarta. Na sa shi a duk kwamfutocin ofis. Wallahi na ji kaina ya yi girma da wannan aiki.

Ranar ina ofishin sakatariyar Darakta, Madam Rifkatu, ina gyara mata firinta, sai ga Baba Iliya, tsohon ma'ajin kayanmu da ya yi ritaya. Mako uku yana zarya daga Orozo don sa hannu ɗaya a takardar sallamarsa.

Madam ta ce, "Baba, Oga ba ya nan, ya tafi Abaji."

Kun san wannan Abajin. Darakta yana ciki ya kulle ƙofa, mu duka mun sani, ba mai cewa uffan.

Sai aka ɗauke wuta. Laftof ɗin Madam yana da batir, sikirif ya kama aikinsa. Ashe Darakta ya taɓa ba ta intanet daga wayarsa, bai kuma kashe ba. Rubutu ya fito: an haɗa da Wayar Darakta, ƙarfi cikakke.

Baba Iliya ya gyara tabarau ya karanta a hankali. Ya juyo ya ce, "Ɗana, wannan abu daga ina zuwa ina yake kaiwa?"

A nan na kashe kaina. Maimakon in yi shiru, son a san na iya ya motsa. Na ce, "Ai Baba ba ya wuce ɗaki biyu. Cikakken ƙarfi irin wannan kuwa, bango ɗaya ne tsakani."

Madam ta taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Baba ya ce, "Madalla. Abaji ta matso kusa." Ya ja kujera ya ajiye a bakin ƙofar Darakta, ya zauna ya ɗora fayil a cinya. Ba wuta, ba esi, ga zafin Abuja. Ko minti ashirin ba a yi ba ƙofa ta buɗe, Darakta ya fito yana gumi. Ya gaishe da Baba da fara'a kamar yanzu ya sauka daga mota, ya sa masa hannu a tsaye.

Bayan azahar aka kira ni. Tsoro ya kama ni sosai, don fayil ɗina na gani a gabansa.

Ya ce, "Malam Nasiru, abin nan naka ba ya iya rufa wa mutum asiri?"

Na ce, "Yallaɓai, ban koya masa ba."

"Kai fa? An koya maka?"

Na sunkuyar da kai na ce ina kan koyo. Ya daɗe yana kallona, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ja fayil ɗin ya sa hannu, ya ce gara ya tabbatar da ni ya riƙe ni kusa, da ya sake ni in je ina ba da labari a gari.

Ranar na cire wayarsa daga jerin wayifan da sikirif ke dubawa. Ku masu tasowa, ku riƙa duba abin da sikirif zai faɗa da kuma a gaban wa zai faɗe shi, don na'ura ba ta da kara. Amma ban taɓa yin nadama ba. Da yamma na hangi Baba Iliya a bakin titi yana jiran motar Orozo, ya rungume fayil ɗinsa da hannu biyu, bai kuma sake hawa benen nan ba.