Yatsu Biyu a Wuyan Hannun Inna

Ina gidanmu a Wara ina wankan jego maigidana ya shigo da hantsi, ƙafar wandonsa jiƙe da ruwan tafki. Bai ɗauki yaron ba. Ya durƙusa gaban mahaifiyata ya ce, "Inna ta cika bayan asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifiyarsa ce, surukata, wadda sunanta bai taɓa fita daga bakina ba.

Tun shekarun samun 'yancin kai, kafin a yi zancen madatsar Kainji, zuciyar Inna take tuntuɓe. Ta buga, ta buga, ta yi shiru, sannan ta rugo a guje. A asibitin Yelwa aka ɗora ta kan wata farar ƙwaya ƙarama, aka ce kullum ce har iyakar rai, ko da ta ji garau. Ita kuwa takan ce, "Wagga zuciya tawa kwale-kwale ce, matuƙinta ɗan koyo. Ƙwayar ita ka riƙe mashi filafili."

Malamin asibiti ya gindaya sharaɗi: kafin ta haɗiya, wani ya dafa wuyan hannunta ya ji bugun jijiya, in ya yi sanyi ƙwarai a dakata a kawo ta. Maigidana kan fita kamun kifi tun duhu. Ni ce a gida, amarya, wadda ko ido ba ta haɗawa da suruka. Ranar farko na tsaya bakin ƙofa ina murza gefen zane.

"Taho nan, ɗiyata," in ji ta. "Kunya ta jira mu waje. In mun gama ki ɗauki abarki."

Haka muka yi shekaru. Kowace safiya yatsuna biyu a hannunta, fuskata a gefe, tata a gefe, kamar baƙi biyu a jirgi ɗaya. In ta haɗiye ƙwayar sai ta ce in karanta mata ɗan littafin hikaya da nake ɓoyewa ƙarƙashin tabarma. In gwarzon labari ya cika surutu ta ce, "Wanga ba ya iya ciyar da gida."

Da ruwa ya ci tsohon ƙauyenmu aka kwashe mu zuwa sababbin gidaje a tudu, kwalbar maganin kaɗai ta ƙi ba kowa, ta ƙulle ta a haɓar zane. Duk lokacin da za mu karɓo wani, jirgi kan bi ta kan ƙauyen. Sai ta saki hannu cikin ruwa, ta nuna kan wata giginya da ya rage a sama. "Nan ƙasa turmina yake." Ni ma sai in ga kamar hayaƙin murhu na tasowa daga ƙarƙashin ruwan, kifaye na shiga ɗaki suna fita. Wata safiya ta ce komai ya koma mata ruwan ɗorawa, har ni, kuma zuciyarta na tashi. Jijiyar ta yi sanyi. Ban ba ta ƙwayar ba, muka haye da ita asibiti, aka rage mata maganin.

Da cikina ya tsufa, al'ada ta ce haihuwar fari a gidan iyaye. Na ce ba ni tafiya. Wa zai riƙe hannun? Ta koya wa maigidana, ta hana shi fita kafin rana, ta kore ni da dariya. "Yatsunai kamar gora, amma za su yi. Ni dai ba ni fasa ƙwayar nan sai na ga angona."

Ta cika alkawari. Ranar suna ta hayo tafkin, numfashi da ƙyar. Ta karɓi jikanta ta ce, "Ango ba haƙori, ba ko sisi." Sannan ta ɗora yatsu biyu a ɗan hannunsa, ta lumshe ido, ta daɗe tana saurare. "Matuƙin wanga ya iya," ta ce.

Har yanzu da safe yatsuna kan tashi neman hannunta, sai su sauka a na jikanta, in ji yana tafiya daidai, ba tuntuɓe.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa jinyar shekarun nan ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinta. Ya ba ɗanta da 'yan'uwansa haƙurin rashi, Ya raya angon da ta bari, Ya sa mu cika da imani. Amin.