Shaidar Firmine Mai Kifi

Shekara goma sha ɗaya muna rumfa ɗaya da Firmine Yassi a kasuwar Bambari, a Afirka ta Tsakiya, ni da garin rogo, ita da busasshen kifi. Mace ce mai barkwanci. In ka raina kifinta sai ta ce, "To ga kogi can, ɗan'uwa, je ka kamo wanda ya fi shi."

Mijinta Anicet gyaran keke yake yi. Shekarar da yaƙi ya shigo gari, mutanen wani madugun 'yan bindiga mai suna Gervais suka ɗauke shi da rana tsaka, a gabanta. Ko gawarsa ba ta gani ba.

Da ƙura ta lafa, dattawan unguwa suka fara aika wa Gervais cewa ya zo ya amsa laifinsa, ya nuna inda aka binne mutane. Ana cikin haka wata ƙungiyar Turawa ta iso da fararen motoci. Shugabarsu, Madam Karin, mutumiyar kirki ce, har gida ta bi Firmine. Ta ce a bar maganar dattawa, kotu za a kafa, shaida kawai ake bukata.

Na ce wa Firmine, "Yaya, mutanen nan baƙi ne. Gervais kuwa nan aka haife shi."

Ta ce, "Ke dai tsoro ya yi miki yawa, Odile. Ni ba ɗauri nake nema masa ba. Kabarin mijina nake so in gani."

Kwana uku ana taro a otal. Firmine ta miƙe gaban jama'a ta faɗi komai, har sunan Gervais. Madam Karin ta yi kuka, aka ɗauki hoto, aka raba riguna masu zanen kurciya.

Bayan wata bakwai aka sa hannu kan sulhu da 'yan bindiga a Bangui, babban birni. Cikin abin da aka shirya, aka ba Gervais kaki da muƙami, aka ce shi zai kula da tsaron garinmu. Dattawa suka bar maganar, don ba mai kiran jami'in gwamnati ƙarƙashin bishiya ya tuhume shi.

Na raka Firmine ofishin ƙungiyar. An mayar da Madam Karin wata ƙasa. Wanda ya gaje ta ya ba mu kujera da ruwan sanyi, ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama, wancan shirin ya ƙare. Yanzu zaɓe muka sa a gaba."

Ranar Asabar Gervais ya zo rumfarmu da kansa. Ya ɗaga kifi ya shinshina, ya ce, "Mama Firmine, na karanta labarinki a takardar Turawa. Ashe haka kika iya magana."

Ta ƙulle masa kifin. Tun daga ranar ban ƙara jin ta tsokani kowa ba.

Kafin sati ya zagayo ta kwashe 'ya'yanta mata biyu, suka haye kogi zuwa Kwango. Da za ta hau mota ta riƙe hannuna ta ce, "In an taɓa tono wani wuri, ki aiko mini."

Ba a tono ko'ina ba. Bara zazzaɓi ya kashe ta a sansanin gudun hijira. Babbar 'yarta ce ta bugo mini waya, ina tsakiyar auna wa wata mata gari.