Tambayoyin Farisa a Zaurenmu

Ko zan manta komai na jinyar da na sha, ranar da wata likita ta shigo zaurenmu da takardar tambayoyi ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni manomi ne a wani ƙauye bayan Makoda, inda gona ke manne da gona, in ka yi tari a taka maƙwabci ya ce maka sannu. Kuma Allah ya yi ni da surutu, har ana tsokanata wai in na rasa abokin hira da karan dawa ma sai in yi. Kwatsam ciwo ya kama ni a gwiwar hagu. Aka sha saiwoyi, aka yi tofi, aka yi ƙaho, kumburi sai gaba yake. Da aka kai ni babban asibiti a Kano suka ce ciwon dajin ƙashi ne. Na riga na yi bankwana da ƙafar a zuciyata, sai likitoci suka cire ƙashin da ya lalace suka sa ƙarfe a madadinsa. Na dawo gida da ƙafafuna biyu, sai dai ta hagun ta zama kamar taɓarya, ba ta tanƙwasuwa.

Duk wanda ya zo yi min barka maganarsa ɗaya ce: "Ka gode wa Allah da ba a yanke ba." Na kuwa gode, har gobe ina godiya.

To amma a gidanmu ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, Baba a tsakiya, a haɗa kwanuka a ci tare, ana tsiyar miyar wa ta fi gishiri. Nan ce duniyata. Da na ɗan warware na fito sau ɗaya. Sai da aka rirriƙe ni kafin na kai ƙasa, ina zama kuwa ƙafar ta miƙe sambal, tafin yana kallon Baba, dab da kwanon tuwo. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan da aka yi wa tarbiyya ya miƙe wa mahaifinsa ƙafa, a bakin abinci kuma? Aka ɗauko min kujera na ce a mayar, ina ni ina zama a sama Baba yana ƙasa! Washegari na ce wa matata ta bar min kwanona a ɗaki, jikin ba daɗi. Haka ma kashegari. Daga nan ba wanda ya ƙara tambaya.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ina cin tuwo ni kaɗai. Matata cikin mata take ci kamar yadda aka saba. Ina jiyo dariyar 'yan'uwana ta kan katanga, wani ya saki magana da na san amsar da zan ba shi, in buɗe baki, sai in tuna ba mai ji na. Na yi fushi da su sosai, a raina ina cewa ashe haka ake binne mutum da ransa. Amma duk wanda ya leƙo ya ce "Ya jiki?" sai in ce masa da sauƙi, alhamdulillahi.

Bayan an gama kaka likitar ta iso da hantsi a kan ɗan acaɓa. Daga asibitin da aka yi min aiki take, cikin masu koya mana tafiya bayan tiyata. Aka sauke ta a zaure. Baba na kan buzunsa, Yayana na gefensa, ni kuwa na jingina da bango na dogara sandata. Ta ce in zauna, na ce tsayuwar ta fi min daɗi.

Ta yi mana bayani cewa tambayoyi ne da ake yi wa waɗanda aka ceto musu ƙafa daga ciwon daji, don a san abin da suke iya yi da abin da ya gagare su. Ta ce ta samo takardar da aka mayar da harshen mutanen Farisa, wato Iran, ita kuma tana so ta gyara ta ta dace da Bahaushe, shi ya sa take bin mu gida gida.

Ta fara. Wai ina shan wahalar shiga bahon wanka? Na ce, "Likita, mu nan bokiti ne da ƙoƙo." Hawa bene fa? Na ce benenmu ɗaya a garin nan, rumbu. Ta yi dariya tana sokewa tana rubuta namu: hawa babur, sunkuyawa a gona, tsuguno a masai, sujada. Kowace ta jefo, kafin in motsa baki Yaya ya cafe: "Ai da sauƙi, mun gode Allah."

"Malam," in ji ta, "a bar mai ƙafar ya yi magana mana."

Sai ta ce su ma mutanen Farisa da yawansu a ƙasa suke zama su ci abinci, don haka ga wata: "Zama a ƙasa a ci abinci da mutane. Ba wahala, da wahala, ko ba ya yiwuwa?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ajiye biro ta dube ni. "Malam, mun gama gaisuwa tun ɗazu. Duk gidan da na shiga haka ake ce min. In na rubuta hakan, likitoci za su ɗauka duk wanda aka bar wa ƙafa ya gama warkewa. Ni gaskiya na zo nema."

Ban san lokacin da abin ya kuɓuce min ba. Na ce, "Ba ya yiwuwa. Tun da aka dawo da ni ban sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba, sai sau ɗaya. Ba na iya tanƙwashe ta, ba kuma zan miƙe wa Baba ƙafa ba." Muryata ta karye, ni ƙato da gemu.

Baba ya daina jan carbi.

"Wa ya hana ka fitowa?" ya tambaye ni.

"Ba wanda ya hana ni, Baba. Ba kuma wanda ya kira ni."

Ya sunkuyar da kai. "Mu mun ɗauka wahalar zaman kake gudu, muka ce kada a matsa maka. Kullum sai na kalli gurbinka."

Likitar ta yi rubutunta, ta ƙarasa sauran tambayoyin, ta yi mana sallama.

Ran nan bayan magariba na ji sallamar Baba a bakin ɗakina, shi da bai taɓa taka sashena ba tun da na yi aure. Ya ce, "Ɗauko kwanonka." Aka riƙe ni aka zaunar, ƙafar ta miƙe kamar yadda na sani. Ina ƙoƙarin jawo riga in rufe ta, sai na ga Baba ya warware nasa ƙafafun, ya miƙe su duka biyun kusa da tawa.

"Ni ma gwiwoyin nan sun daɗe suna damuna," ya ce, "kunyarku nake ji. Bismillah."

Ban iya cin tuwon kirki ba, hawaye ya hana ni.

Baba bai ga ƙarshen damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa. Tuwon da na ci da shi bayan wannan rana bai kai wanda na ci ni kaɗai ba, kuma wannan na damuna har yau. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina kunyarsa yana kawaicina, sai da baƙuwa ta zo da tambayar mutanen wata ƙasa kafin muka ji juna.

Abin da na koya shi ne, kunya da kawaici ado ne, amma in suka yi yawa suna raba ɗa da uba alhali suna gida ɗaya. Yanzu in na je dubiya, mara lafiya ya ce min da sauƙi, nakan amsa masa, sannan in gyara zama in ce, "To, mun gaisa. Yanzu gaya min me ya gagare ka."