Goshin Jirgin Ɗangana

A bakin ruwan Warra, in ka ga wani dogon mutum mai yatsu uku a hannun dama yana ɗibar ruwa da tafi yana kurkure baki, to Ɗangana ne. Basarke ne gaba da baya, daga cikin masuntan nan da ake cewa a jirgi suke koyon zama kafin su koyi tafiya.

Su a wurinsu aikin mutum biyu ne. Ɗaya na zaune a goshin jirgi yana jan mamari, doguwar igiyar nan mai ɗauke da ƙugiyoyi birjik, ɗaya na baya yana tuƙi da filafili. Na gaba ba ya waiwaye, don idonsa na kan ƙugiya. Shi ya sa Basarke ba ya juya wa kowa ƙeya a jirgi sai wanda ya amince wa da ransa. Shi Ɗangana, tun suna samari ƙanensa Basiru ke goshi, shi yana baya.

Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato wani ciwo ya same shi. Ba mutuwa aka yi masa ba, ba asara ya yi ba. Haka kawai abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an aza masa dutsen niƙa. Sai ya wuni yana kallon ruwa, in aka yi dariya kusa da shi ya ji kamar da shi ake. Wata safiya suna tsakiyar tafki, Basiru, wanda bakinsa ba ya rabo da tsokana, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Yaya, tuƙi kaka yi ko gyangyaɗi?"

Ɗangana bai san lokacin da ya ɗaga filafili ba. Ya dai ji ƙarar katako a kan ƙashi, ya ga ƙeyar ƙanensa ta dare, jini ya yi tsartuwa, Basiru ya kife cikin ruwa. Shi ne ya faɗa ya tsamo shi, shi ne ya kawo shi gaɓa yana kururuwa kamar mahaukaci. Basiru ya rayu, da tabo tun daga kunne har wuya. Amma daga ranar ba wanda ya sake zama a goshin jirgin Ɗangana, kuma Basarken da ba shi da na gaba ya tashi daga masunci.

Dattawa suka ce iskar ruwa ce. Aka ɗaure shi a jikin giginya, wani mai magani ya yi ta tsula masa tsumagiya yana turara masa barkono. Aljani dai ba wanda ya ga fitarsa, fatar bayan Ɗangana ce ta fita. Matarsa Uwani, mai bandar kifi, ta gaji da kallo, ta zo da wuƙar aikinta ta datse igiyar a gaban kowa, ta sa shi a jirgin kasuwa sai Yelwa.

Likitan da suka gani ya ce ciwon damuwa ne, yana da magani, sai dai yana son haƙuri. Ya ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce ya riƙa sha bayan isha'i. Ga ɗan birni mai kwana har gari ya waye, shawara ce mai kyau. Shi kuwa Basarke tun kafin kiran sallar farko yake kan ruwa, kuma ba wanda ya tuna ya faɗa wa likitan.

Maganin ya yi aiki. Nauyin ƙirji ya ragu, ya fara tambayar tuwo. Amma barci ya zame masa bala'i, yana magana yana lumshe ido. Duk da haka ɗoki ya ɗebe shi, yana so Basiru ya ga ya warke, ya fita shi kaɗai, tuƙi nasa jan mamari nasa. Rana na fitowa gyangyaɗi ya sace shi da igiya naɗe a hannu. Wani ƙaton kifi, giwan ruwa, ya fizga. Ƙugiyoyi suka bi ta tafinsa ɗaya bayan ɗaya suna yagar nama, igiya ta shaƙe yatsu ta ja shi har bakin jirgi. Da ƙyar ya lalubo wuƙa da hagu ya yanke. Kifin ya tafi da yatsu biyu.

Ya watsa sauran ƙwayoyin a tafki. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa, har wata rana ya ɗauki gatari ya hau saran jirginsa, yana sara yana kuka, sai da Uwani ta shiga tsakaninsa da jirgin ta ce in zai ci gaba ya fara da ita. Suka koma Yelwa, aka canza masa wata ƙwaya. Wannan ba ta sa barci, amma hannu rawa, zuciya bugu, in ya miƙe duniya ta juya. Da jirin nan ya faɗa kan bandar Uwani da wuta a ciki, fatar kafaɗarsa ta saɓule.

"Uwani, ki bar ni hakanan," in ji shi. "Bulala ta hi wanga magani sauƙi."

"Malam, ba ni bari. Tashi mu tahi."

A zuwa na uku likitan ya daɗe yana duban hannun da kafaɗar, tausayi ya kama shi. Ya tambayi yadda Ɗangana ke tafiyar da wuninsa, yaushe yake tashi, yaushe yake kwanciya. Uwani ta zayyana masa. Sai ya mayar da shi kan ƙwayar farko, ya rage ta, ya ce ya sha da azahar in ya dawo daga ruwa, barcin ya same shi a kan tabarma. Haka aka yi. Abin da ya rage shi ne bushewar baki, harshe kamar busasshen kifi, kuma Ɗangana ya ce da wannan zai iya zama.

Ya gyara jirginsa da kansa. Damina ta wuce yana ɗan kewaya gaɓa shi kaɗai, goshin jirgi wayam. Bai roƙi kowa ba, kunya ba ta bar shi ba.

Wata safiya yana kwance igiya sai ga Basiru tsaye a kansa.

"Yaya, ka sha magani jiya?"

"Na sha."

Basiru ya tattare riga ya shiga, ya taka har goshi, ya zauna, ya juya baya. Ga tabon nan ɓaro-ɓaro, ga filafili a hannun Ɗangana. Hawaye suka cika masa ido, ya kasa motsi, jirgi na ta lilo a wuri ɗaya.

Basiru bai waiwayo ba. Ya ce, "Yaya, tuƙi kaka yi ko gyangyaɗi?"

Ɗangana ya damƙe filafili da yatsunsa uku, ya tsoma shi a ruwa.